Gawar da Ta Tashi a Ankara

Ba zan tsaya ba ku labarin yadda muka bar Wurno ba, don babu abin ji a ciki sai kukan Inna da ƙullin ƙuli-ƙulin da ta cusa mini a aljihu. Labari ya fara ne a saman buhunan albasa, a bayan wata doguwar mota da ta nufi Ankara, babban birnin Gana. Mu uku ne. Kawu Altine, yayan Inna, mai fataucin albasa, yana gaba tare da direba. Sai ni, Lawali. Sai ɗansa Malami, taubashina, wanda aka haifa a Goronyo wata guda bayan haihuwata don kawai ya hana ni sakewa a duniya.

Ku fahimce ni, Malami ba mugu ba ne. Da mugu ne da na huta. Shi ne yaron da ake misali da shi. Ko atishawa ya yi, sai tsofaffi su ce akwai natsuwa a cikinta. Yana jin Turanci, domin ya zauna a aji lokacin da ni nake bin filayen dambe a Dinawa da Magarya da Tursa bayan kaka. Ni kuwa abu guda Allah ya ba ni, hannun dama. Na raɗa wa kaina suna Kwaf-ɗaya. Mutum biyu ne suka yarda suna kira na da shi, ɗayansu ƙanena ne, shi ma don tsoro.

Bayan mun wuce Kamba, a kan iyaka, aka ce wata takarda ba ta da hatimi. Muka kwana huɗu a rana. Albasa ta fara gumi a ƙarƙashin tamfol, Kawu ya fara gumi a kusa da ita. Ni dai abin da ya faranta mini rai shi ne mutanen wurin Faransanci suke yi. Malami ya gyara murya ya sake musu Turancinsa, suka dube shi kamar akuya ta yi magana. Na yi dariya har na kusa gangarowa daga mota.

"Ina Turancin, Malam Bature?" na ce.

"Shina nan," ya ce. "Ba a kai kasuwatai ba tukuna."

Ko haushi bai ji ba. Irin abin da yake ƙona mini rai ke nan.

A Lome aka cuce ni. Mun tsaya shan mai, wani mutum mai haƙorin makka ya zo yana tallar tsofaffin kaya, a ciki har da safar hannu ja, irin ta 'yan damben Turawa, guda biyu a ɗaure da igiya. Ya dubi ƙirjina, ya ɗaga babban yatsa, ya faɗi wata magana da na tabbata ma'anarta zaki. Nan take na cire hular sallata na miƙa masa. Sai da mota ta yi nisa na kwance igiyar. Malami ya leƙo, ya juya wannan, ya juya waccan.

"Lawali, duk biyun na hannun dama na."

"To mi ruwana da hagu? Ka taɓa ganin an kashe mutum da hannun tsarki?"

A damben gida hannu guda ake ɗaure wa zare. Ɗayan a buɗe yake, kariya ce kawai. Saboda haka na ɗauka riba ma na ci, ina da ta yau ina da ta gobe.

Ranar da muka isa kasuwar albasa ta Ankara aka yaye tamfol, warin da ya tashi sai da ƙudajen Gana suka aika wa 'yan'uwansu na Togo gayyata. Kusan rabin kayan ya ruɓe. Wani dillali ɗan ƙasar ya toshe hanci, ya girgiza kai, ya ce wa Kawu, "Alhaji, this is a heavy blow."

"Mi yac ce?" na tambayi Malami.

"Yac ce an yi ma Baba bugu mai nauyi."

Na zabura ina naɗe hannun riga. "Wa? Nuna min shi."

Sai da Malami ya riƙe ni ya yi mini bayani cewa a Turanci asara ma bugu ce. In gonarka ta ƙone, an buge ka. In kayanka suka ruɓe, an buge ka, kuma ba ka da wanda za ka rama a kansa. Na ce lallai Turawa sun san duniya. Na dubi Kawu ina jiran ya faɗi ya suma. Sai ya cire babbar riga ya rataye, ya jawo buhu, ya zauna a ƙasa ya fara tsince mai kyau daga cikin ruɓaɓɓiya, ɗaya bayan ɗaya. Muka zauna muka taya shi.

Masaukinmu a Zango yake, unguwar Hausawa, ɗaki guda mu bakwai, a bayan rumfar wata tsohuwa mai sayar da koko da ƙosai, Mma Ladidi. Kakanninta Hausawa ne, amma Hausarta ta sha ruwan teku, mace da namiji duk "ya zo" ne a bakinta. A nan na san kewar gida. Aka kawo mini dokunu, wani tuwon masara mai tsami a naɗe cikin ganye, na ɗauka ya lalace ne aka rasa wanda za a ba sai baƙo. Na tuna furar Inna, ƙwalla ta cika mini ido, na ce albasa ce. Wannan ce kaɗai fa'idar sana'ar Kawu, kana iya kuka da rana tsaka ba wanda zai tambaye ka. Malami kuwa ya cinye nasa, ya yaba, har Mma Ladidi ta ƙara masa kifi. Ni ba ta ƙara mini ba.

Abu guda ya sanyaya mini zuciya, teku. Tun muna yara Malami yake cika mini baki da madatsar ruwan Goronyo. Da muka tsaya a gaɓa na ce, "To, ɗan Goronyo, ina kwatamin naku?" Ya yi shiru. Na riƙe wannan shirun a raina kamar alawa.

A kwana na biyar na rataye buhun ruɓaɓɓiyar albasa a jikin ƙarfe, na sa safata ta dama, na shiga jibgarsa don in huce. Bugu na uku buhun ya fashe. Da na juya sai na ga wani tsoho yana kallo na, hancinsa a baje kamar an zauna a kai, kunnensa guda kamar ƙosan Mma Ladidi. Ya kama hannuna ya juya shi, ya matsa kafaɗata, ya yi magana. Malami ya ce sunansa Masta, yana koyar da damben Turawa a wani fili kusa da teku, kuma ya ce in zo gobe.

Ina so a rubuta wannan da babban baƙi: ni aka gayyata. Malami tafinta ne. Rakiya ya yi.

Wurin Masta tsakar gida ce da aka kewaye da igiyoyi, yara kusan ashirin suna tsalle suna huci. Tsarinsa shi ne ba a bugu a ɓoye. Kowane bugu sai ya kira sunansa, yara su amsa, sannan a yi. Malami ya sayi ɗan littafi yana rubutawa, da yamma ya karanta mini ko ban tambaya ba. A nan na ji cewa Bature ba ya kai naushi, jefa shi yake yi kamar hoge, "throw a punch". In ya sami mutum, sai a ce ya sauka, "land a punch", kamar jirgin alhazai. Wanda aka nausa kuma wai karɓa ya yi, "take a punch", sai ka ce tsaraba aka kawo masa. Na ce wa Malami ni ba na karɓa, bayarwa nake yi, ya tsallake wannan shafin.

Kwana uku da farawa, wani yaro bai zo ba, Masta ya rasa wanda zai riƙe mini buhu, ya sa wa Malami safa. Shi ke nan. Yaron da ko kaza bai taɓa mari ba, sai ga shi yana tsalle da igiya kamar da ita aka haife shi. Naushinsa ba ya kashe sauro, amma hannu biyu yake kaiwa, kuma duk abin da Masta ya faɗa sau ɗaya ya ɗauka. Sai na fara jin "Good, Malami" safe da yamma. Ni kuwa in na bugi buhu har ginin ya amsa, Masta sai ya yi tsaki ya yi doguwar magana.

"Mi yac ce?"

"Yac ce hannunka na hagu barci shikai."

Kashegari: "Yac ce kana tsayi kamar mai jiran mota."

Wata rana har Masta ya ɓare lemo ya ba Malami rabi. Ina tsaye a wurin. Ina da baki. Na kalli lemon nan yana shiga cikin Malami ɓare-ɓare, na ji kamar hantata ake ci.

Ana nan sai Masta ya zo kasuwa da kansa ya sami Kawu. Ya ce yana da gurbi guda: ɗaki a gidansa, abinci, makarantar boko da safe, dambe da yamma. Yaro guda zai ɗauka cikinmu. Kawu ya daɗe yana jujjuya wata albasa a hannu, sannan ya ce, "Ɗaya shi zauna, ɗaya shi bi ni. Dashen albasa ba ya jiran kowa, kuma ba ni da hannun da zan bar biyu." Masta ya ce ranar Asabar zai haɗa mu turmi uku, ya duba, ya zaɓa.

Tun daga ranar na sallami tafintana. Na tabbatar wa kaina cewa Masta yabona yake yi, Malami ne yake juya maganar a hanya. Ranar Alhamis Masta ya zaunar da mu ya yi dogon bayani, yana nuna ƙasa, yana ƙirga yatsu. Ni ina can ina kallon wani jirgin ruwa. A hanyar gida Malami ya biyo ni da littafinsa.

"Lawali, tsaya ka jiya. Akwai magana kan hwaɗuwa. Damben ga ba irin namu na ba, in mutum ya..."

"Hwaɗuwa taka ta. Riƙe abinka, kai za ta yi ma amfani."

"Wallahi ka saurara."

"In ka ƙara yi min Turanci ko fassaratai, sai na aika ka Goronyo ba mota."

Ya rufe littafin. A gidan kallonmu na Wurno ƙwallo kawai ake sawa, ban taɓa ganin damben Turawa daga farko zuwa ƙarshe ba. A wurin Masta kuma ba a bari yara su kai juna ƙasa a horo. Amma me zan koya? Dambe dai dambe ne.

Asabar da la'asar 'yan albasa suka rufe rumfuna suka zo, Sakkwatawa da Zabarmawa, har da Mma Ladidi da bokitin ƙosanta. Masta ya ara mini safar hagu. Na sa ta don kunya kawai.

Turmin farko na yi tsayuwar gida, hagu a miƙe gaba, dama a can baya tana jiran aiki. Malami ya dinga zagaya ni yana tsattsaga mini hagu a hanci, caf, caf, kamar kaza tana tsintar gero. Ba zafi, sai raini. Duk sanda ya taɓa ni sai in ji Masta ya ce "Good." Na ƙirga guda goma sha ɗaya. Ko a lahira zan iya kawo lissafinsu.

A turmi na biyu ya matso fiye da kima. Na sake masa hannun dama. Jirgin alhazai ya sauka lafiya. Malami ya tafi da baya ya zauna daɓas, ƙafafu a sama, sai ka ce an juye buhu daga mota. 'Yan albasa suka kaure da ihu.

A gida, in gwiwa ko hannu ya taɓa ƙasa, an kashe mutum, wasa ya ƙare. Ba a dukan gawa, ba a ma waiwayarta. Saboda haka na juya masa baya, na taka igiya na hau, na ɗaga hannu na fara kirari. Na ce ni ne Kwaf-ɗaya na Wurno, ruwan Rima mai cin gwani, dodon 'yan Goronyo. Na kama igiyar safata da haƙori ina kwancewa. Ina jin Masta a bayana yana ƙirga wani abu da Turanci, na ɗauka haƙoran Malami yake tattarawa.

Sai na ga ihun ya canja. Kawu yana nuna bayana da carbi. Na waiwaya.

Gawa ta tashi. Tana tsaye, hannu biyu a sama, hanci yana ɗigar jini.

"Ai na kashe shi," na ce wa Masta da Hausa. Na juya wajen jama'a. "Kun gani da idonku, na kashe shi."

Masta ya haɗa hannuwansa ya ce mu ci gaba. A raina na ce, to, ga ta nan. Ɗan lele ne, shi an yarda ya mutu ya dawo. Ba rabin lemo kaɗai ba, har rai biyu aka ba shi.

Malami bai taɓa ni ba. Ya tsaya yana jira, ya ce a hankali, "Ɗaga hannunka, Lawali."

Wannan tausayin ne ya ƙarasa ni. Na rufe ido na kai masa wadda na yi niyyar ta kai shi Goronyo. Ta sami iska. Ina cikin juyawa wani abu ya taho daga gefen da ban taɓa tsammanin hannu yana zuwa ba, ya same ni a muƙamuƙi. Hannun tsarki ne. Gwiwata guda ta taɓa ƙasa.

Guda fa. Kaina garau, ina ganin komai, har ƙudan da ke kan ƙosan Mma Ladidi. Da na so, da na miƙe kafin Masta ya buɗe baki. Amma gwiwa ta taɓa ƙasa a gaban mutanen garinmu. Na ce bari in nuna wa wannan marar kunyar yadda ɗan halak yake mutuwa. Na gyara zama, na harɗe hannu.

Masta ya fara ƙirga. Malami ya tofar da robar bakinsa.

"Tashi. Har goma kaka da. Tashi, wawa."

Na kau da kai. Wato in tashi ya ƙara mini, a yi dariya sau biyu.

"Don Allah, Lawali, tashi."

Ban taɓa jin ƙirga mai nawa irin ta ranar ba. Tsakanin takwas da tara mutum zai iya dama fura ya sha. Masta yana kallon cikin idona, yana ɗaga mini gira. Na kalli teku. Ya ce goma, murya ƙasa-ƙasa, kamar shi aka kayar.

Da safe ina zaune a rumfar Mma Ladidi, tana gasa mini muƙamuƙi da tsumma da ruwan zafi, sai ga Masta. Ya zauna a benci ya yi magana mai tsawo. Malami yana gefe. Na ce wa tsohuwar, "Mma, ke ki gaya min. Ba ni son fassarar wasu."

Ta matse tsumman, ta ce, "Ɗana, ya ce kai ya so tun ranar buhu. Ya ce hannu irin naka ba a koyar da shi, da shi ake zuwa duniya. Ko da ɗan'uwanka ya fi ka maki, kai zai ɗauka, in da ka miƙe. Ya ce zai iya ta da hagun da ke barci, amma bai san yadda ake ta da mutumin da ya zauna da gangan ba."

Na dubi Malami. Kansa a sunkuye, hancinsa ya kumbura ya yi kamar na Masta.

"Ka san da haka?"

"Tun Alhamis. Shi na biyo ka in gaya ma."

Turawa suna da suna ga wannan ma. Shi ne wanda dillali ya faɗa wa Kawu ranar da aka yaye tamfol. Na nemi wanda zan rama a kansa, na duba gabas da yamma, ban ga kowa ba sai mai kumburarren muƙamuƙi a cikin bokitin ruwan Mma Ladidi. Ta zuba mini koko, ta ƙara mini ƙosai uku ba tare da na roƙa ba. Na ci ina kuka, kuma babu albasa ko ɗaya a kusa da zan laƙa wa.

Muka juyo ni da Kawu a motar da ta ɗauko goro. Muka wuce Lome. Sai da muka zo kan iyakar nan da ta ruɓar masa da kaya, Kawu ya dubi wurin, ya ce, "Sau huɗu ke nan albasata na mutuwa a hanyar ga. Da zama nikai in ta mutu, da Gana ba su ci miya ba." Ya ɓare goro ya ba ni rabi.

Da na buɗe jakata a gida sai na tarar da littafin Malami a ƙarƙashin safofina biyu na dama. Duk bugun Turawa yana ciki, kowanne da Hausarsa a gefe. A shafin ƙarshe ya rubuta "get back up", a gefensa kuma, maimakon fassara, ya sa: tashi, wawa. Abin haushin, har rubutun hannunsa ya fi nawa kyau.

Yanzu yana can. Yakan turo hoto a wayar Kawu, sanye da rigar makaranta, ga teku a bayansa, ga lemo a hannu. Na san da gangan yake riƙe lemon. Ni kuma ina lambu, ina jan ruwa da hagu, ina dashe da hagu, har Inna ta fara tambaya ko wani abu ya taɓa ni a Gana.

Bayan kaka aka yi dambe a Dinawa, na shiga. Wani ƙato daga Tursa ya same ni a turmin farko, na kai gwiwa biyu da hannu ƙasa. Makaɗa suka canja kiɗa, mutanensa suka ɗauke shi sama. Ni kuwa ban san sanda na miƙe ba, na ɗaga hannu biyu, na tsaya a tsakiyar fili ina jiransa. Sai aka fashe da dariyar da na tabbata an ji ta a Rabah. Wani tsoho mai rabon faɗa ya dafa kafaɗata.

"Yaro, an kashe ka. Gawa ba ta dambe. Mi kaka jira?"

Na tofar da ƙasar da ke bakina, na ce, "Baba, ko uku ba a kai ba."